Ranar da Ba a Zo Karɓar Nono Ba

Akwai wata damina da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba. Ruwa ya yi yawa a shekarar, gero ya kwanta a gonakinmu na Gadau, kowa ka gani fuska a ɗaure. Ana cikin haka naƙuda ta kama ni, cikina bai kai wata tara ba. Aka kawo ni asibiti a Azare, aka yi mini aiki. Ko ganin yaron ban yi ba aka wuce da shi ɗakin jarirai, aka sa shi a kwalba. Abin da Inna, uwar mijina, ta gaya mini kawai shi ne, "Namiji ne, har ya ɗauko cindon kakansa a hannun hagu."

Ina kwance, ba na iya takawa. Kullum da safe wata nas takan zo da ɗan kofi in tatsa mata nono. Yau ta ce ya sha, gobe ta ce numfashinsa ya ɗan yi sama. Kofin nan shi ne shaidata cewa ɗana yana da rai.

Sai wata safiya ba ta zo ba. Hantsi ya dubi ludayi, azahar ta wuce, shiru. Na hango Inna da Malam, mijina, a bakin ƙofa suna ƙus-ƙus da Fulatanci, sun kuma san ba na ji sosai.  A wajenmu in jariri ya koma, ba a gaya wa mai jego sai ta yi ƙarfi. A binne shi, a ce mata yana barci. Haka aka yi wa yayata.

Na ce, "Inna, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Sha kununki." Ba ta dubi idona ba.

A gadon kusa da ni akwai wata 'yar kudu mai sayar da atamfa a kasuwa, ta zo jinyar ƙanwarta. Ta ga hawayena, ta ce, "Maman bebi, ni na daina yarda da lafiya lau ɗinku. Ko gidanku na cin wuta, lafiya lau ne!" Ta nemo keken marasa lafiya, ta tura ni har tagar ɗakin jarirai.

Nas ɗin ta nuna mini wani ɗan mitsitsi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an rufe masa ido da ƙyalle. "Ga naki." Zuciyata ta ce ɗan wata mata ne, shi ya sa aka rufe fuskar. Ban iya musu da mutane ba, don haka a hankali na ce, "Sista, don Allah ɗaga mini hannunsa na hagu."

Ta dube ni, ta gane. Ta ɗaga. Ga cindon nan, kamar ƙwayar dawa.

Ashe ciwon shawara ne ya kama shi, fitilar ta maganinsa ce, cikinsa kuma ya kumbura, aka dakatar da nono aka sa masa ƙarin ruwa. Nas ɗin ta ce, "Tun da safe na gaya wa mijinki."

Inna ta ce gudun tashin hankalina suka yi. Na yarda, ƙauna ce. Amma yau da yaron yake zuwa makaranta da ƙafarsa, na san abin da aka ɓoye wa uwa ya fi abin da aka gaya mata ciwo, domin zuciyarta mafi muni take zaɓa.

Washegari ban jira kowa ba. Na dafa bango, na taka har tagar, na ce, "Sista, daga yau ni za ki riƙa gaya wa, mai daɗi da marar daɗi."