Maganin da Ya Wuce Awo a Hanyar Legas

Keffi

Ana idar da sallar asuba na bar unguwarmu ta Yara, da ƙullin daddawa da zanen goyo. 'Yata Hadiza ta haihu a Legas, saura kwana ɗaya suna, kuma sunana za a sa wa jaririyar. Ɗana Sani ya ce tsohuwa ba ta shiga jirgin sama. Na ce wannan tsohuwar za ta shiga.

Bulus, direba ɗan garin Gitata da na hau motarsa, ya tsaya gidan mai ya sayi wani ruwa a kwalba, wai maganin wanke inji. Mai sayarwa ya ce rabi ya isa. Bulus ya juye kwalba biyu a tanki, ya ce mota ta sha ta ƙoshi.

Masaka

Nan motar ta kama tari, ta yi shiru. Muka tura ta gefen titi. Na bar shi yana hura bututu, na hau bas.

Filin jirgin Abuja

Muna zaune aka ce jirginmu ba zai tashi ba. Wata ma'aikaciya ta yi mana bayani: ruwa kan kwanta a gindin tankin man jirgi, ƙwayoyi su tsiro a ciki kamar gansakuka, sai a zuba magani a man ya kashe su. Amma da awo ake zubawa. Wanda aka zuba wa namu ya wuce kima, zai iya toshe hanyar mai zuwa inji.

Fasinjoji suka yi ca, wai a tashi haka nan. Sani kuma ya bugo waya.

"Inna, ishara ce wannan. Ki dawo gida."

"Ba zan dawo ba, kuma ba zan hau wancan ba. Bulus ya samu gefen titi. A sama ina za mu tura shi?"

Na shimfiɗa zane na zauna. Bayan la'asar aka kawo wani jirgi.

Legas

Da safe aka raɗa suna, takwarata tana kan cinyata.

Gida

Da na dawo, Sani ya zo tarona a motar Bulus, an gyara ta. A gidan mai na ga Bulus ya miƙa hannu ga kwalba. Na dube shi. Ya mayar.

Godiya ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, da waɗanda suka hana jirgin nan tashi.