Wushiryar Ƙanwata

Ƙanwata tana da wushirya, ni ba ni da ita. In na ce abin bai taɓa damuna ba, na yi ƙarya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a ɗaki ɗaya aka haife mu a Gumel, amma Allah ya buɗa mata 'yar ƙofa tsakanin haƙoranta biyu na sama, ni kuwa ya jera mini nawa a matse kamar ƙwayar masara.

Da mutanen gari ne kawai ke yaba ta, da na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kakarmu ta wajen uba, wadda ke zaune a Ɗanzomo. Ita ma mai wushirya ce a zamaninta, an ce in ta ci fure da goro ta yi murmushi a kasuwa, sai mai awo ya manta da mudunsa. Duk hutun da muka je, takan kama haɓar ƙanwata ta ce, "Yi dariya in ga kaina." Ni kuma ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke dai haƙoran mutanen Gagarawa kika kwaso," wato dangin mahaifiyata. Wasan kaka da jika ne, kowa sai ya yi dariya, ban da ni. Abin da nake so bai wuce ta ce ni ma tata ce ba.

Ban zauna haka ba kuwa. Da na yi famfara, aka gargaɗe ni kada in bari ƙadangare ya ga giɓina, wai in ya gani haƙori ba zai tsiro ba. Sai na zagaya bayan katanga na tsuguna na washe wa wani jangwada baki, amma na rufe rabin giɓin da yatsa, don ba wawulo nake nema ba, 'yar tazara kawai nake so ya bar mini. Ya yi ta gyaɗa kai kamar ya gane. Haƙora suka fito cif, ko iska ba ta ratsawa. Daga baya na koma cusa tsinken tsintsiya a tsakaninsu, har dasashina ya kumbura mahaifiyata ta gano.

Muna makarantar 'yan mata ta kwana wasu likitocin haƙori suka zo daga wata jami'a. Suka ce bincike suke yi a kan haƙoran gaba na mutanen yankinmu, don a ga abin da ake gado a siffarsu. Tun a layi na san ƙanwata za su ɗauka hoto. Ana sa wa mutum wani kwaɓi mai sanyi a baki ya cije, in ya daskare a cire, siffar haƙoransa ta fito a jiki. Da aka zo kan ƙanwata, likitar, wata mace mai tabarau, ta auna wushiryar ta rubuta, ta ce, "Wannan muna ganinta da yawa. Ta gaba." Wallahi na ji daɗi, har kunya ta kama ni.

Nawa kuwa ta daɗe tana jujjuya shi, har ta kira abokin aikinta. Ta ce mini, "Taɓa bayan haƙoranki na sama da harshe. Kin ji rami kamar cikin cokali?" Na ji shi, na kuma san shi tun tuni, na ɗauka na kowa haka yake. Ta ce ba kasafai suke samun irinsa a nan ba, kuma yawanci gadonsa ake yi. Na tambaye ta daga wane ɓangare. Ta ce sai an duba bakin manya.

Mahaifina na fara tunawa, amma shi ba a buɗa masa baki, kuma ba shi nake nema ba. Na san Kaka tana da sauran haƙori ɗaya a sama, wanda take taunar goro da gefensa. Shi na sa a rai har ƙarshen zango. Da aka yi hutu na matsa sai da aka tura mu, muka sauka a Sule Tankarkar muka hau babur zuwa Ɗanzomo, ina ta shirya yadda zan faɗa mata.

Muka tarar da ita a gindin darbejiya tana goga goro a magogi. Da can kuwa ba ta neman magogi. Na gaishe ta, na ce, "Kaka, ina haƙorin?"

Ta ce, "Ya gaji, 'yar nan. Da damina ya fita cikin tuwo, na jefa shi bayan danga."

Duk da haka na zayyana mata abin da likita ta ce. Ba ta yi mini tsiya ba. Ta goge yatsanta a zane ta sa a bakina, ta shafa bayan haƙoran a hankali, ina jin ɗacin goro. Sannan ta juya harshe a nata dasashin.

"Ban sani ba," in ji ta. "Duk zaman da na yi da nawa haƙoran, gabansu kawai na sani. Kyan da ke bayan haƙori, wa zai gan shi in ba harshe ba?"

Ina shirin cewa ta ƙara tunawa, sai ga ƙanwata ta fito da kwanon ruwa. Fuskar Kaka ta sake. Ta miƙa hannun nan da ta cire daga bakina, ta kama haɓar ƙanwata, ta ce, "Zo nan, ajiyata. Yi dariya in ga kaina."

Kaka ta daɗe da rasuwa. 'Yar ƙanwata ta fari ta yi famfara bara, wushirya ta fito mata sak, dangi suna ta cewa tsohuwa ta dawo. Na je barka da kaina, na yaba kamar kowa. Da na dawo gida na kira tawa 'yar, na wanke hannu, na ce ta buɗe baki.