Dawar Gide a Buhun Taki

Duk wanda ya san Malam Barau a ƙauyensu, can bayan Ruwan Godiya, da dawarsa ya san shi. Mutum ne mara hayaniya, amma in ka yi gangancin tambayarsa amfanin gona, to ka nemi wurin zama. Wata farar dawa ce mai ƙananan ƙwayoyi da ya gada wajen mahaifinsa, marigayi Gide. Ba ta saurin nuna, 'yan kasuwa ba sa rububinta, amma tuwonta na da ƙamshin da kan wuni a hannun mutum. Duk kaka Barau kan zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure dami guda, ya rataye can ƙuryar rumbu. Wannan damin iri ne, ko yunwa ta kai ina ba a taɓa shi. Matarsa Bilki takan tsokane shi, ta ce ko ɗansu na fari bai ga irin wannan gata ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana noma suka hana barci, ƙauyen ya fara watsewa. Shatar mota ta fi ƙarfin gida ɗaya, don haka Barau da maƙwabcinsa Lawwali da wasu gidaje suka haɗa hannu suka ɗauki motar kanta ɗaya zuwa Ƙanƙara. Da direban ya ga Barau rungume da daminsa sai ya girgiza kai.

"Baba, dami ba ya shiga motar haɗaka. Wurin da zai ci na katifar wani ne. A sussuke shi a zuba a buhu."

Barau ya so ya yi gardama, sai ya dubi mata da yara tsaye a rana, ya haɗiye maganarsa. Bai yarda a sa wa irin taɓarya ba. Da tafin hannu ya murje shi, ya zuba a buhun taki irin wanda kowa ya zuba hatsinsa, ya shafa masa alamar gawayi. Aka loda gadaje da turame da awaki, shi kuma ya hau can sama ya juya wa hanya baya, yana kallon kukar da ke bakin gonarsa har ta ɓace.

Lawwali aka fara saukewa, a wani kango da ke bakin gari. Direba na ta danna hon, aka yi ta jan buhuna cikin gaggawa, kowane buhu kamar ɗan'uwansa.

A Ƙanƙara Barau ya kama ɗaki bayan kasuwa, ya koma tufkar igiya. Bai saba da garin ba, bai kuma yi ƙoƙari ba. Ruwan rijiyar ƙauyensu ya fi daɗi, kiran sallar ladaninsu ya fi shiga jiki, komai dai na can ya fi. Kewa ta ci shi har ya rame. Abin da ke sanyaya masa rai shi ne buhun nan da ya ɗora kan duwatsu a lungun ɗaki. Bai kwance shi ba, don ba a buɗe iri sai ƙasa ta jiƙa. Yakan dai dafa shi in zai fita, ya ce wa Bilki muddin irin Gide na nan, ba su rabu da gida ba tukuna.

Mai gidan da suke haya ya ara masa wani fegi ya noma. Ranar da ruwan shuka ya sauka, Barau ya yi bisimilla ya kwance buhun, sai ga jar kaura irin ta kasuwa. Da ma tun saukarsu bai ga alamar gawayin ba, ya ɗauka gogayyar hanya ce ta share ta. Bilki ta ɗora hannu a ka tana salati. Shi kuwa takalmi kawai ya sa, ya nufi bakin gari.

Lawwali ya tarbe shi da murna, ya shimfiɗa tabarma. Kafin a gama gaisawa matarsa Hussaina ta kawo tuwo da miyar kuka ta durƙusa, don ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi da yunwa. Barau ya kai loma ɗaya baki, ya tsaya. Nan take ya ga zauren mahaifinsa da kukar bakin gona, idonsa ya ciko.

"Ci mana, Baba," in ji Hussaina. "Wanga tuwo na ƙarshen wani buhu ne da ya yi mana albarka, shi ya riƙe mu duk rani. Wallahi duk ranar da na tuƙa shi, sai ɗiyan nan su ce sun ji ƙamshin gida."

Barau ya dubi yaran, sun zagaye kwano suna suɗar hannu. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya sunkuyar da kai ya cinye tuwon tas, a hankali.

"Lafiya dai ko, Baba?" in ji Lawwali.

"Zumunci ne. In ba ku yar da buhun ba, a ba ni, zan warware shi in yi igiya."

Hussaina ta kawo ta koma wajen tukwanenta. Barau ya juya buhun ciki waje, ya bi ɗinkin da farce, yana tsinto ƙwayoyin da suka maƙale a kusurwa. Duka ba su rufe tsakiyar tafinsa ba. A nan Lawwali ya hango sauran baƙin gawayi a jikin buhun, ya dubi hannun tsohon, ya ce, "Innalillahi! Baba, irin ne?"

"Kada ka faɗa mata," in ji Barau.

Ya miƙe ya yi sallama. Hadari ya sake haɗowa ta gabas, mutane na ta gudun neman mafaka. Barau bai yi sauri ba, kuma bai buɗe hannun ba har ya isa fegin.