Ƙarfen Da Kawu Ya Rungume Har Kaduna

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gida, ni da kawuna da makanikinsa. Kawu na rungume da wani dogon abu naɗe cikin tsohon zanin gado, kamar mai ɗauke da jariri. Kamshaf ne na injin tsohuwar gingimarinsa. Ga wanda bai sani ba, dogon ƙarfe ne mai tudu-tudu a jiki kamar tozon bijimi, kuma waɗannan tozayen ne ke buɗe bawul su rufe don inji ya yi numfashi. Na Kawu ya cinye. An kwance injin a bayan gidanmu nan Suleja, an haɗa duk abin da ake buƙata, shi kaɗai ya gagara.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. 'Ya'yan Kawu sun zauna sun yanke cewa in sabuwar doya ta fito motar ba ta tashi ba, mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, za a kira ya yanka ta a kilo. Mutumin har ya fara zuwa gaishe da Kawu da safe, yana gaisuwa idonsa na kan mota. Da wannan motar Kawu yake ɗauko doya daga Lambata tun ban san hannun damata ba, kuma tun da ta tsaya ya rage cin abinci. Abin ya dame ni ƙwarai.

A tasha direba ya ce a sa ƙarfen a but, Kawu ya ce sai dai a sa su tare. Haka muka cusu a baya, kan kamshaf yana zungurar haƙarƙarina duk ramin da muka faɗa. A Diko muka tsaya direba ya cike gurbin fasinja, muka sha shayi. Burodin ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma, mai shayin kuma yana ɗiga madara kamar maganin ido. Kawu ya kurɓa kaɗan ya ajiye.

Hanyar Kaduna ta yi kore shar, masara ta kai kai, mata na daka wa motoci tsalle da gyaɗa dafaffiya da gasasshiyar masara. Wani wuri kwalta sumul, wani wuri a karkatar da ku hannu ɗaya ku bi bayan tirela kuna shaƙar hayaƙi. Bayan Jere hira ta mutu a motar, kowa ya shiga addu'a a ransa, ba sai na faɗa muku dalili ba. A nan ne wani jami'i ya tsayar da mu a shinge, ya leƙo, idonsa ya faɗa kan dogon abin da tsoho ya naɗe. Sai a lokacin na ga ashe ƙunshin nan ya yi kama da bindiga.

"Baba, mene ne wannan?"

Kawu ya warware zanin a hankali, ya ce maras lafiya ne za mu nema wa magaji. Jami'in ya duba, ya yi dariya, ya ce Allah ya sa a dace. Matar da ke gefen taga ta sauke ajiyar zuciyar da duk motar ta ji.

Da hantsi muka shiga kasuwar kayan gyaran mota a Kaduna. Ƙasa baƙa ƙirin da baƙin mai, ko'ina ana bugun ƙarfe, injuna jibge kamar duwatsu. Ƙa'idar Kawu ɗaya ce, kuma ita ce ta duk tsohon direba: ka zo da samfur, kada ka sayi abin da bai yi daidai da shi ba. Duk shagon da muka shiga sai ya shimfiɗa nasa, ya jera na mai shago a gefe, ya shafa, ya girgiza kai, wai tozayen sun fi nasa tsayi. Makaniki ya yi ta buɗe baki zai yi magana, amma a girme Kawu ya haife shi, sai ya haɗiye. Ni kuwa ban san komai ba sai ɗaukar kaya.

Bayan azahar, a shagon wani ɗan ƙabilar Ibo haifaffen Kaduna, wanda Hausarsa ta fi tawa, Kawu ya zaƙulo wani daga tarin ƙarafa a lungu. Ya jera su, suka yi daidai kamar tagwaye. Rabona da in ga haƙoransa tun kafin damina. Mai shagon ya tsuguna ya duba, ya ce:

"Baba, ba zan sayar maka da wannan ba. Ya yi daidai da naka ne don shi ma ya cinye kamar naka. Kilo zan kai shi."

Kalmar kilo ta daki Kawu. Ya zauna a kan wata taya, na tausaya masa har na kau da kai. Ashe tun safe masu lafiya muke ƙi, muna neman gawa irin tamu.

Sai a nan makaniki ya samu bakin magana. Ya nuna masa tozo na can ƙarshe a jikin tsohon kamshaf ɗin, wanda bai cinye sosai ba, ya ce da shi za a auna. Mai shago ya fito da guda biyu: sabo fil mai ƙyalli, da na hannu wanda aka ciro daga injin da ya zo daga waje. Ya faɗa mana gaskiya cewa sabon ya fi dacewa da motar da ke son gudu a kan kwalta, na hannun kuma na jan kaya ne. Aka gwada, na hannun ya hau daidai da tozon nan da ya tsira. Kawu ya ce motarsa ba ta taɓa tsere da kowa ba, tudu take hawa da doya. Aka naɗe mana shi.

A hanyar dawowa wanda muka saya na kan cinyar Kawu, tsohon na kan tawa. Da muka tsaya a Tafa ya share kwanon shinkafa da miya, ya nemi ƙari, har ya saci naman makaniki. Ruwa ya tare mu a Diko, muka shiga Suleja jiƙe kafin magariba.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, abin da ka daɗe kana riƙe da shi yana cinyewa a hannunka ba ka sani ba, har ka riƙa ganin mai lafiya ne ke da aibu. Na kuma ga amfanin mutumin da zai ƙi karɓar cinikinka don ya faɗa maka gaskiya.

Ranar da aka haɗa injin, ya yi tari, ya yi aman baƙin hayaƙi, sannan ya kama ruri har yaran unguwa suka taru. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Washegari mai gwangwan ya zo gaisuwarsa ta kullum. Kawu ya amsa da fara'a, ya shiga gida ya ɗauko tsohon kamshaf, ya cire zanin gadonsa, ya miƙa masa ƙarfen.

"Ga rabonka a motar nan," in ji shi. "Matsa min, Lambata za ni."