Matar da Ba Ta Cikin Littafina

Wallahi abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekara biyu ke nan, ina ajin ƙarshe a wata makaranta a Azare inda nake karatun kwamfuta. Aikin kammalawata shi ne in haɗa manhajar nan mai basira, wadda ake tambaya ta ba da amsa, da wata manhajar zane, ta yadda in ka rubuta bayani da kalmomi sai ta mayar maka da shi akwatuna da layuka. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma ba na barin ɗigo ya wuce ni, don haka sai da na yi wata biyu kafin na yarda haɗin ya zauna.

Da na zo gwaji sai na ce bari in zana asalin gidanmu. Na tafi Dagauda wurin kakata, Dada, na zauna tana faɗa ina rubutawa a littafi.

"Kai maigidan nan nawa, ba cefane sai tambaya," in ji ta. "Matattun ma ba za ka bar su su huta ba?"

A lokacin saura mako uku bikin yayana, Hamma Sale, da Hauwa, 'yar wasu danginmu na nesa a Gadau. An kai lefe, an buga kati. Sai na sa har gidansu Hauwa a ciki, da niyyar in ba su zanen kyauta.

Ranar wata Talata bayan azahar, a ɗakin kwamfuta, ga mutane ko'ina, na zuba bayanin na ce ta zana. Komai ya fito daidai, sai dai can gefe akwai akwati ɗaya da ban sani ba, an rubuta Yagana. Layi biyu masu ɗigo-ɗigo sun fita daga jikinsa, ɗaya ya tafi kan Hamma Sale, ɗaya kan Hauwa, kuma a kan kowanne an rubuta kalma ɗaya: nono.

Na buɗe littafina na bi shi shafi-shafi sau uku, babu Yagana. Na duba abin da na tura wa manhajar, babu. Na tambaye ta ina ta samo sunan, sai ta amsa wai yana cikin abin da aka faɗa mata. Na ce wa ya faɗa? Ta ba ni haƙuri, ta sake zanawa, akwatin na nan. Na goge, na sake haɗa komai daga farko a wata kwamfutar, ya dawo. 

Kun dai san hukuncin: waɗanda suka sha nonon mace ɗaya 'yan'uwa ne, babu aure tsakaninsu. Na buga zanen a takarda, kwana biyar ina yawo da ita a aljihu, ban nuna wa kowa ba. A na shida na koma Dagauda.

"Dada, wace ce Yagana?"

Ta ajiye gyaɗar da take ɓarewa. "Wa ya faɗa maka sunan nan?"

Ashe wata maƙwabciyarsu ce, Babarbariya, ta rasu tun ina rarrafe. Lokacin da aka haifi Hamma Sale mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, Yagana ce ta shayar da shi wajen wata biyu. Dada ta san wannan, amma ta rantse ba ta san komai a kan Hauwa ba. Aka aika Gadau. Da aka ambaci sunan, mahaifiyar Hauwa ta ɗora hannu a ka, don ita ma da ta zo wankan jegon Hauwa a Dagauda nononta ya ɗauke, Yagana ta shayar mata da ita, kuma kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Kowane gida rabi ya sani. Wadda ta san duka biyun tana cikin ƙasa fiye da shekara ashirin.

Malamai suka zauna, aka fasa auren. Aka dawo da lefe a rufe. Hauwa ta yi wata guda a kwance. Hamma Sale ya tare ni a zaure, idonsa jawur.

"Da ka yi shiru, wa zai sani?"

Na ce, "Allah."

Sai ya ce, "To ka zauna da na'urarka." Ya tafi Fatakwal, har yau bai ɗauki wayata ba.

Na canja aikin, na miƙa zanen tsarin rajistar ɗalibai. Amma ranar da zan goge fayil ɗin na buɗe shi sau ɗaya, sai na ga layukan Yagana sun zama huɗu. Na uku ya sauka a kan sunana. Na huɗu ya miƙe har ya fita daga takardar, bai tsaya a kan kowa ba. Mahaifiyata ta rantse ita kaɗai ta shayar da ni, sai dai ta ce akwai satin da zazzaɓi ya gusar mata da hankali. Tun daga nan ban iya tsayawa zance da wata yarinya ba, don ban san a kan wa layin ya ƙare ba.

Jama'a, ku zauna da tsofaffinku mata tun suna da rai, ku tambaye su wa ya shayar da wa. Sunayen waɗanda suka riga mu kuwa, ku kai su wurin addu'a, kada ku zuba su a inda ba ku san wa ke saurare ba.