Rabin Kuɗin Kafinta

A layin da yake aiki ba mai kiransa da sunan yanka. Rabi-da-Rabi ake ce masa, domin duk wanda ya hau benen kantin magani neman a gina masa shafin intanet, magana ɗaya zai ji: rabin kuɗi kafin a fara, rabi idan mai shafi ya duba ya ce ya amince da bakinsa, gyara uku kyauta, na huɗu da farashinsa. Ya rubuta sharuɗɗan ne shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bayan wani mai ɗaukar hoto ya sa shi canza launi sau goma sha tara ya kuma gudu bai biya ba. Daga ranar ya daina fushi da mutane, ya kuma daina murna da su. Matarsa kan ce ita ma rabin miji aka ba ta, tana nan tana jiran cikon.

Ɗakinsa tebur ɗaya ne, kujera biyu, fanka mai ƙara, da fayil-fayil a jere bisa haruffa. A watan da muke magana mai gida ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya biya haya ko ya sauka. Abin da yake jira kaɗai shi ne rabi na biyu na wani kafinta.

Kafintan ya biya rabin farko, an yi masa gyara biyu. A na uku ya aiko saƙo a cire hotonsa daga shafin farko, wai kujera ake zuwa saye, ba hancinsa ba. Kafin a cire sai aka ji shi shiru, mako shida.

Ranar ashirin da bakwai ga watan, matar kafintan ta hawo benen da ambulan a hannu. Ta ce mijinta ya rasu, tana bin duk inda ake binsa bashi tana biya, ta ga takardar nan a aljihun rigarsa. Rabi-da-Rabi ya yi mata ta'aziyya, ya buɗe mata shafin. Ga mamacin tsaye da zarto, yana dariya. Ta daɗe tana kallo, fanka na ta ƙara.

Ya ɗauko fayil ɗin, ya bi layi na biyu na sharuɗɗan da yatsa, ko da yake ya haddace shi. Ya laluba zuciyarsa ko zai ji wani abu game da haya, ko game da matar, bai tarar da komai ba sai layin.

“Baiwar Allah, ba na bin mijinki ko sisi,” ya ce. “Takarda ta ce sai ya ce ya amince. Bai ce ba.”

Ta ce to ita ta amince a madadinsa, kuma kada a taɓa hoton.

“Ai shi cewa ya yi a cire.”

Ta dube shi, ta dubi hoton, ta mayar da ambulan cikin jaka. Ya raka ta bakin matakala.

Da ya dawo ya rubuta kwanan wata a fayil ɗin, ya bar gurbin sa hannu fari. Bai cire hoton ba, bai kuma rufe shafin ba. Sannan ya sauka kantin magani, ya tambaya ko suna da kwalayen da ba sa amfani da su, masu ɗaukar fayil.