Goron Waɗanda Suka Sha Kaye

A watan nan Baba ya cika shekara tara da rasuwa. Allah Ya jiƙansa. Mahauci ne a kasuwar Talata Mafara, bai taɓa riƙe sarauta ba, amma duk kaka shi ke haɗa damben garuruwa uku, mu da Bakura da Maradun. Kowace shekara gari ɗaya ke karɓar baƙi.

Ba shi da kwamiti. Keke gare shi da ƙunshin goro. Ya bi mai gonar da za a share a yi fili, ya bi makaɗa da mai ɗori da direbobin tasha, kowa ya zauna masa a tabarma a yi ta gaisuwa. Amma kafin kowa, wurin waɗanda suka sha kaye bara yake fara zuwa. Nakan yi masa tsiya, in ce wa ya taɓa barin gwani ya tafi wurin wanda ya faɗi? Sai ya ce, "Wanda yac ci, ko ba a kira shi ba shina zuwa. Wanda yas sha ƙasa, kunya ka hana shi hita."

Da zai leƙo yau, ban san ko zai gane dambensa ba. Muna da shugaba da sakatare, akwai 'yan kasuwa masu tallafi, akwai masu ɗaukar bidiyo, 'yan siyasa kuma kowa na son kujerar gaba. Ba a sa rana sai da yardar jami'an tsaro, don hanyoyin da ya bi da keke yanzu sai da addu'a. Na tabbata zai yi dariyar kujerun, amma zancen hanya zai sosa masa rai.

Shekara biyu bayan rasuwarsa aikin ya dawo hannuna, kuma zuwan Mafara ne, mu ke karɓar baƙi. Na rubuta gayyata ɗaya na tura wa kowa ta waya, ina jin na waye. Ran wasa aka yi la'asar, kalangu na tashi, gefen Bakura wayam. Su suka sha kaye bara. Maradun suka ce ba don mu kaɗai suka taso ba. Na ga abin da Baba ya raya zai mutu a hannuna, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Washegari na tafi Damri wurin Malam Ɗanjuma, tsohon da 'yan damben Bakura ke jin maganarsa. Bai yi faɗa ba. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗana, saƙo ya iso. Ƙahwa ce ba mu gani ba." Na ajiye goron da na je da shi, na ba da haƙuri. Sai da wata kakar ta zagayo suka dawo.

Kwamiti ya canja sau nawa, masu tallafi sun zo sun wuce. Bara mu Mafara muka sha kaye, kaye mai ciwo, har na daina bi ta layin mahauta don kunya. Bana zuwan Bakura ne, na riga na ce a raina ba za mu ba.

Makon jiya da hantsi aka yi sallama. Malam Ɗanjuma ne a bayan babur, da sandarsa, duk ya sha hanya. Ya miƙo ƙunshin goro.

"Ba mu tai gun kowa ba tukuna," in ji shi. "Hakanan babanka yak koya muna."

Ni ba mai cin goro ba ne. Na ɓare ɗaya na ci, na ce ya faɗa musu muna nan tafe.